Zango Nawa Ne Daga Gwandu Zuwa Jidda?

Daga filin jirgin sama na Sa Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda, kilomita 3,800 ne da 'yar ɗoriya, in an auna miƙe ta sararin samaniya. In a Madina za a sauka, sai a ce ya doshi 4,000. Daga Sakkwato a rage kamar ɗari, daga Kano kuwa zuwa Jidda abin bai wuce 3,400 da 'yan kai ba. Duk mai waya a hannu zai iya binciko waɗannan alƙaluma kafin ruwan shayi ya tafasa. Jirgin zamani yana cinye kilomita 850 ko fiye a awa guda. Saboda haka maniyyacin da ya baro Ceberu da sassafe ya iso Ambursa, in Allah ya sa jirgi ya tashi a kan lokaci, wanda mun san ba kullum ake dacewa da haka ba, zai iya yin sallar isha'i a ƙasar Hijaz.

A samu ƙwallon taswirar duniya, irin wanda akan gani a ofishin hedimasta, a dafe bakin zare a Ambursa, a ja shi ya miƙe har Jidda. Zaren zai gifta dab da garin Gwandu, ya bar Sakkwato kaɗan ta hannun hagu, ya shiga Nijar ya bi ta kan Maraɗi, ya wuce ta arewacin Damagaram, ya baro Tafkin Cadi can kudu, ya faɗa hamadar arewacin Cadi, ya ƙetare kogin Nilu arewa da Dongola a ƙasar Sudan, sannan ya haye Bahar Maliya. Matuƙa jirgi ba sa bin wannan zare daidai wa daida, suna da hanyoyin da aka shata musu a sama, amma da shi ake lissafin nisan gari da gari.

Mun daɗe da sanin wannan layi tun kafin a ƙera jirgi. Tsakanin Jidda da Makka bai kai kilomita ɗari ba, don haka in aka ɗan gusar da bakin zaren zuwa Ka'aba, alƙibla ke nan. Sahun salla a Ceberu da Gwandu da Kalgo yana fuskantar gabas ne ya ɗan karkata arewa da kamar digiri 20, kuma can ɗin ne hancin jirgin alhazai yake dosa in ya gama juyawa bayan tashi. Malaman Musulmi na da sun sha wuyar wannan lissafi saboda salla. Albiruni ya kammala wani littafi a shekarar 1025 a Gazna, cikin Afganistan ta yau, kacokan a kan gyara lissafin nisan da ke tsakanin garuruwa, kuma babban abin da yake nema shi ne ya tabbatar da alƙiblar garin. Lissafin da kwamfutar kamfanin jirgi take yi yau a cikin ƙiftawar ido, jikan wancan ne.

Kilomita 3,800 ɗin nan ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, tun da aka kafa Gwandu. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne da me mutum zai biya su, kuma wane ne zai iya biya.

Mu fara da mutumin da kabarinsa yake Gwandu. A shekarar 1807, jihadi yana shekara ta huɗu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya duba rundunar da yake cikinta ya ga abin da bai gamshe shi ba: son mulki da ganima da tara dukiya sun fara shiga zukatan mutane. Shi da kansa ya ba da labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙati. Ya sulale ya bar rundunar tare da 'yan abokan tafiya kaɗan, ya fuskanci gabas da niyyar ya je ƙasar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya isa Kano. Nan mutanen gari suka tare shi, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, daga bisani ya juya ya koma yamma. Tsakanin Gwandu da Kano a miƙe kilomita 400 ne da ɗoriya, wato kamar kashi ɗaya cikin tara na hanyar, abin da jirgi yake shafewa cikin rabin awa, kafin ma a fara raba abinci. Iyakar inda ya kai ke nan. Ya rasu a Gwandu bayan shekara ashirin da 'yan kai bai ga Makka ba.

Yayansa Shehu Usmanu ma haka. Yana saurayi ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Da Malam Jibrilu ya ɗaura niyyar wucewa Hajji, sai ya mayar da almajirin gida, domin mahaifinsa bai ba shi izinin wannan doguwar tafiya ba. Shehu ya yi ƙasidar Larabci tun yana ɗan shekara ashirin yana begen zuwa Madina, amma bai je ba har ya koma ga Allah a 1817. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ma bai je ba. Abin lura ne cewa mutum uku da suka fi kowa rubuce-rubuce a kan addini a wannan ƙasa a zamaninsu, babu ɗayansu da ake kira Alhaji. Ba rashin dukiya ko dawakai ya hana su ba. A lokacin, shugaban da ya tafi Makka ya bar jama'arsa ke nan na shekaru, kuma babu tabbacin zai tarar da abin da ya bari. Alhaji Umaru Futi, wanda ya baro Futa Toro wajen tsakiyar shekarun 1820 ya ratsa ƙasar Hausa ya tafi Hajji, da ya dawo ya zauna a Sakkwato har ya auri 'yar Bello, bai kama hanyar gida ba sai bayan rasuwar Bello a 1837. Tafiya ɗaya ta ci masa fiye da shekara goma.

Me yake cin shekarun? Mu yi lissafin fatake. In ayari yana yin kilomita 25 a yini daga zango zuwa zango, 3,800 za su ba da zango 152, wato wata biyar. Ko an ƙara kwane-kwanen hanya, da ranakun hutu, da zaman jiran damina ta wuce, shekara guda ta isa a je. Amma labarin da muka gada daga kakanni na shekara uku ne, da biyar, da bakwai, da na waɗanda aka daina jin ɗuriyarsu. Ashe ba ƙafa ce take gazawa ba, guzuri ne yake ƙarewa.

A nan akwai wata mas'ala ta fiƙihu da ta taka rawa fiye da yadda ake zato. Hajji wajibi ne a kan wanda ya sami iko. Wasu mazhabobi sun fassara ikon da mallakar guzuri da abin hawa. Malikiyya kuwa, wadda muke bi, ta ce in mutum yana da ƙarfin tafiya a ƙasa, yana kuma da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, kuma akwai aminci ga ransa da dukiyarsa, to ya sami iko ko ba shi da raƙumi ko jakar kuɗi. Wanda ya karanta babin Hajji a Muhtasar na Halilu ya ci karo da wannan. Sai ya zamana wanzami ya rataya zabirarsa, maɗinki ya ɗauki allurarsa, gardi ya ɗauki allo da tawada, manomi ya saɓa fartanya, kowa ya kama hanya da abin da ya iya. A tsaya a gari a yi noman damina ɗaya, a sayar, a ƙara gaba. A yi ga-ruwa a wani garin, a yi dako, a yi rubutun sha. Da yawa da iyali suke tashi, sai a haifi yaro a Wadai, a yaye shi a Darfur, ya isa Makka yana gudu da ƙafarsa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Hanya biyu ce. Tsohuwar ta arewa ce, ta Agadas da Gat da Fazzan zuwa Alƙahira, inda ake haɗuwa da babban ayarin Masar. Wannan hanyar masu hali ce, domin Sahara ba ta da gonar da baƙo zai yi ƙwadago, dole sai da raƙumi da kuɗin jagora. Ta biyun ita ce ta gabas, wadda ta bi ƙasar noma da kiwo: Kano, Barno, Bagarmi, Wadai, Darfur, Kurdufan, har kogin Nilu, daga nan a gangara Sawakin a bakin Bahar Maliya a nemi jirgin ruwa zuwa Jidda. Ita ce hanyar talaka, kuma ita ta cika da mutane daga ƙarni na 19 zuwa tsakiyar na 20. Tana da nata haɗarin. Akwai 'yan fashi, akwai sarakunan da sai an biya su kuɗin wucewa, akwai yunwa da ciwo, akwai kuma masu kama baƙo su sayar. Shi ya sa wanda zai tafi yakan biya bashi, ya bar wasiyya, ya bi gida gida yana neman gafara, a yi ban kwana irin na wanda ba a sa ran sake gani.

Zuwan Turawa ya ƙara tura mutane gabas. Bayan an ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira, jama'a masu ɗimbin yawa suka bi shi, niyyarsu Makka. An tare su a Burmi, can ƙasar Gwambe, aka kashe shi ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar mutane har Sudan, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar. Garin da suka kafa har gobe sunansa Mai Wurno. Da Ingilishi suka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925 suka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai maniyyata daga ƙasar Hausa da Barno suka zama ma'aikatan da ake nema ruwa a jallo. Ga aiki, ga kuɗi, ga jirgin ƙasa da ya riga ya iso Al'ubayyid tun 1912 yana kai mutum har bakin teku. Da yawa suka ce bari mu yi kaka ɗaya mu tara na jirgin ruwa. Kaka ta zama goma. Akwai ƙauyuka a Jazira da mazaunansu suka haifi 'ya'ya da jikoki a can, amma in ka tambaye su sai su ce su matafiya ne, suna kan hanyar Makka. Wani masani ɗan Gana, Bawa Yamba, ya zauna da su ya rubuta littafi sukutum a kan haka a 1995. Mutanen Sudan suna kiransu Fallata ko Takari, sunan da mu ma muka ara muke kiran 'yan'uwanmu da suka maƙale a Saudiyya.

A daidai lokacin da talaka yake tsinkar auduga a Jazira, masu hali sun gano wata dabara: hanya mafi tsawo ita ce mafi sauri. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya gangara Ikko ya shiga jirgin ruwa, ya je Ingila har ya gana da Sarki Joji na biyar, ya bi ta teku zuwa Jidda, ya yi Hajji ya komo ya tarar da gadon sarautarsa. In aka auna da zare, ya ninka hanyar gabas ba sau ɗaya ba. In aka auna da kwanaki kuwa, watanni kawai ya yi. Abin da ya gagari Shehu da Abdullahi da Bello, wato shugaba ya je ya dawo mulki bai watse ba, ya yiwu ke nan.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925. Jirage uku ne na sojan saman Ingila, ƙirar DH9A, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Daga Halwan kusa da Alƙahira suka taso, suka biyo Nilu zuwa Hartum, sannan suka juyo yamma ta Al'ubayyid da Alfashir da Abashe da Fot Lami, wato Njamena ta yau, da Maiduguri. Mai karatu ya sake duba sunayen nan. Hanyar alhazai ce suka biyo ta baibai, zango bayan zango, cikin kwana shida. Ƙananan jirage ne da ba sa iya dogon zango ba su sha mai ba, dole su sauka inda akwai gari da rijiya, kuma garuruwan da rijiyoyin su ne waɗanda ayari ya sani tun da daɗewa. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila a kai a kai tsakanin Hartum da Kano ta wannan layi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi ta ƙasar Gana sun bi ta Ikko da Kano da Maiduguri zuwa Hartum da Masar. Filayen da aka share saboda yaƙi su aka gada bayan an yi sulhu. Muna iya hasashen mutumin da ya shekara biyu a hanya, yana huɗa a wata gona a Darfur, ya ɗaga kai ya ga abin da ya baro Kano jiya yana wucewa.

Bayan yaƙi mota ta shigo. Manyan motoci suka riƙa ɗibar maniyyata daga Kano da Maiduguri zuwa inda jirgin ƙasan Sudan yake, tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Wajen ƙarshen shekarun 1940 attajiran Kano, irin su Alhaji Mahmudu Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma. Taƙaitaccen sunanta na Turanci shi ne WAPA, kuma shi ne ya bi wurin nan na Fage da 'yan canji suke zama a yau, ko da yake da yawa daga masu zuwa canjin riyal a can ba su san asalin sunan ba. Daga mota suka shiga shatar jiragen sama. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi Hajjinsa na farko a 1955, daga nan kusan kowace shekara sai ya je, yana ɗibar sarakuna da malamai da 'yan siyasa. A 1957 Malam Abubakar Gumi yana Jidda a matsayin jami'in kula da alhazan Nijeriya. Hajji ya tashi daga harkar mutum da Ubangijinsa da ƙafafunsa, ya zama harkar gwamnati, mai fasfo da biza da katin allurar rigakafi.

Galibi in ana ba da wannan tarihi a nan ake tsayawa a yi hamdala, a ce nesa ta zo kusa. Gaskiya ne ta zo, kuma ba ƙaramar ni'ima ba ce. Tsohuwar da ba za ta iya zango ɗaya a ƙasa ba ta je ta yi ɗawafi ta dawo cikin wata guda. A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, kuma a 1977, lokacin da kuɗin mai ya yi yawa naira tana da daraja, alhazan Nijeriya sun haura 100,000 a shekara ɗaya. Sai dai a cikin shekarun nan ne kuma hanyar ƙasa ta toshe. Ƙasashe sun sami mulkin kai, kowace ta tsare iyakarta. Sudan ta tsaurara wa masu shiga ba takarda, Cadi ta faɗa yaƙin basasa tun daga tsakiyar shekarun 1960, hukumomin Nijeriya kuma suna jin kunyar ganin 'yan ƙasarsu suna bara a titunan Hartum da Jidda, suka riƙa hana tafiya sai da cikakken kuɗi a hannu. Wanzamin da Malikiyya ta ce ya sami iko saboda yana da aska da ƙafafu, yanzu hukuma ta ce bai samu ba. Jirgi ba ya tsayawa a Wadai mutum ya yi noman damina.

Sama ma ta karɓi nata rabon na rayuka. Ranar 22 ga Janairu 1973, jirgi ƙirar Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi shata, ya taso daga Jidda da alhazai zai je Ikko. Yanayi ya ɓaci a can, aka karkato shi Kano. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi ya kama da wuta. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu. A lokacin ba a taɓa haɗarin jirgin da ya fi shi cin rayuka ba a duniya.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne na ranar 11 ga Yuli 1991. Jirgi ne ƙirar DC-8 na wani kamfanin Kanada mai suna Nationair, yana jigila da sunan Nigeria Airways, ya ɗauko alhazai daga Jidda zai sauke su a Sakkwato. A ranar babu jihar Kebbi tukuna, sai bayan mako bakwai aka ƙirƙire ta, ranar 27 ga Agusta. Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru duk Sakkwato ce jiharsu, filin jirginta kuma shi ne na kowa. Bincike ya nuna cewa wasu tayoyin jirgin ba su da isasshiyar iska, an kuma san da haka, amma aka ƙi tsayawa a gyara saboda an makara. Yana gudu a kan titi zai tashi tayoyin suka fashe suka yi zafi har suka kama wuta. Matuƙan ba su sani ba, suka naɗe ƙafafun jirgin zuwa cikinsa kamar yadda aka saba, wato suka shigar da wutar ƙarƙashin fasinjoji. Sun juyo za su koma, jirgin ya faɗi saura ƙasa da kilomita uku ya kai titin sauka. Mutum 261 ne a ciki, alhazai 247 da ma'aikata 14, babu wanda ya fita. Allah ya jiƙansu. Masu tarya suna Sakkwato suna jira, a gidaje an yi shara an ɗora tukwane. Mutanen da kakanninsu suke shekara bakwai a hanya, an kasa jinkirta tafiyarsu na ɗan lokacin da za a sa wa taya iska.

Yau maniyyatan Kebbi ba sai sun je Sakkwato ba. Ambursa, wadda sarakunan Gwandu suka zauna a cikinta a matsayin ribaɗi a ƙarshen ƙarni na 19 suna fuskantar Kabawan Argungu, ita ce take da filin jirgin. Ranar 15 ga Mayu 2024 daga nan jirgin farko na alhazan Nijeriya baki ɗaya ya tashi zuwa Madina, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya zo ya yi musu ban kwana. Daga ƙauyukan Gwandu, in jirgin ya ɗaga, ana iya jin ƙararsa.

To nawa ne kujerar? A Hajjin 2025 hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta yanka wa jihohin arewa naira miliyan 8 da dubu 457 da 'yan kai. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun daga Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata. A raba a gani: wata 120 da ɗoriya, wato shekara goma da 'yan kwanaki, in ma'aikacin bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, bai sai wa yaro magani ba. Manomin gero da dawa a Ceberu ba shi da albashi ma, lissafinsa na buhu ne da bijimi da abin da damina ta bayar. Shekarun da muke cewa jirgi ya share suna nan, sun tashi ne daga kan hanya sun dawo gida. Da a Kurdufan ake yin su ana matsawa gabas kaɗan kaɗan, yanzu a gona ko a kasuwa ko a ofis ake yin su, ana tari naira tana zubewa. Hukumar da kanta ta san haka, shi ya sa a 2020 ta buɗe asusun adashin gata tare da bankin Jaiz don mutum ya riƙa zubawa sannu a hankali. Bambancin shi ne, mai tafiyar ƙasa in ya shekara biyar ya san ya rage hanya, ba mai mayar da shi baya. Mai tari kuwa, a 2023 kujera ba ta kai miliyan uku ba, bayan shekara biyu ta haura takwas. Wanda ya tara rabi ya wayi gari abin da ke hannunsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Wani abin da zai ba mai son lissafi mamaki shi ne ƙanƙantar rabon kilomita a cikin wannan kuɗi. A shekarar 2025 ɗin, maniyyatan Barno da Adamawa, waɗanda suka fi kowa kusa da Saudiyya, miliyan 8 da dubu 327 aka yanka musu. Maiduguri tana gabas da Birnin Kebbi da fiye da kilomita 900, kusan rubu'in hanyar ke nan, amma rangwamen da ta samu naira dubu 130 ne kawai da 'yan kai, ƙasa da kashi biyu cikin ɗari. Sauran duk masauki ne a Makka da Madina, da tantunan Mina da Arfa, da abinci, da motoci, da kuɗin guzuri, kuma kusan duka da dala ko riyal ake biyansu. In ana son sanin nisan Makka daga Gwandu a bana, allon 'yan canji na WAPA ya fi taswira faɗin gaskiya.

Ko zaren nan da muka ja a kan ƙwallon taswira ba kullum yake samuwa ba. Sama tana da iyakoki kamar ƙasa, kowace gwamnati tana da ikon rufe nata yankin. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 Nijar ta rufe samaniyarta na wani lokaci. Kafin nan, ranar 15 ga Afrilun shekarar, yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF, saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai, aka rufe samaniyar Sudan. Sudan kuwa ita ce ta tare gabas gaba ɗaya tsakaninmu da Bahar Maliya. Dole jirage suka yi zagaye, tafiyar ta ƙaru da wajen awa biyu, kamfanoni suka ƙi sa hannu a yarjejeniya sai da aka ƙara musu dala 250 a kan kowace kujera.

Alhazan shekarar sun isa lafiya, sun ɗan ƙara gajiyar zama ne kawai. Ƙasar da jiragensu suka kauce wa kuwa, ita ce wadda jikokin masu tafiyar ƙasa suke zaune a cikinta. A watan Disamba na 2023 RSF ta kama Wad Madani, babban birnin Jazira, tsakiyar gonakin audugar nan. A tsakiyar 2024 yaƙin ya gangara jihar Sannar, inda Mai Wurno take. Cikin miliyoyin da suka bar gidajensu har da masu jin Hausa da Fulatanci, waɗanda kakanninsu suka baro ƙasar Sakkwato da Gwandu da Kano da Barno da niyyar Hajji. Da yawa gabas suka nufa, ta Gadarif da Kasala zuwa Fot Sudan a bakin Bahar Maliya, wasu a bayan manyan motoci, wasu a ƙasa da kaya a ka. Daga Fot Sudan zuwa Jidda, in aka ja zare, bai kai kilomita 300 ba.